Ba waya ce ta kori ɗalibai daga laburare ba

Tun da aka fara cacar baki a kan ɗalibai masu kwafo kundin kammala digiri daga intanet, ko su sa ChatGPT ya rubuta musu, kowa sai ya ɗora wa waya laifi, wai yaran yanzu ba sa shiga laburare sai lokacin jarrabawa, shi ma don fanka da kujera. Gaskiya ne ba sa shiga. Amma abin ya girme wa waya nesa ba kusa ba.

Farkon labarin kowa ya san shi. Jami'ar Ibadan ta fara a 1948, ABU Zariya a 1962 da laburaren Kashim Ibrahim da ake alfahari da shi, sai jami'o'in da aka ƙaro a 1975 irin su Jos da Maiduguri da Sakkwato. Kuɗin mai na shigowa, naira ta fi dala ƙarfi, littafin da ya fito a Landan bana kafin baɗi yana kan kanta.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1986, shekarar da darajar naira ta faɗi. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, zuwa 1987 ta kai kusan naira huɗu, kuma mujallun bincike, waɗanda su ne ran laburaren jami'a, da kuɗin waje ake biyansu duk shekara. Littafi in ba ka saya bana ba, sai ka saya baɗi, mujalla kuwa in ka tsallake shekara to ka bar rami. Laburare suka fara soke rajista ɗaya bayan ɗaya. Ni na ga ramin nan da idona a jami'ar da na yi karatu, kantar mujallu masu bangon fata an jera su, shekara a rubuce a gadon bayan kowace, 1979, 1980, haka har 1986, daga nan sai katako da ƙura. Na tambayi dattijon da ke kula da sashen, na ce Baba ina sauran, ya ɗaga kafaɗa kawai ya ce iyakarsu ke nan.

To malamin da zai shiga aji gobe ya zai yi? Ba zai tura ɗalibai ɗari uku su nemi littafi guda ɗaya da ya tsufa ba. Sai ya zauna ya taƙaita abin da ya sani a takarda, a buga, a raba, daga baya a fara sayarwa. Haka handawut ya samu gindin zama, kuma wallahi da farko taimako ne, albashin malamai ma a lokacin ba ya kai su ko'ina, da yawa sun bar ƙasar. Sai dai ɗalibi ya gane abu ɗaya: abin da zai fito a jarrabawa yana cikin shafi ashirin ɗin nan, me zai kai shi duba katin katalogi? Shagunan fotokwafi suka cika, laburare ya koma wurin haddace handawut. Kuma wanda ya yi digiri a wannan tsakanin bai taɓa bin diddigin magana daga mujalla zuwa mujalla ba, shi ne ya dawo ya zama lakcara, yau wasunsu su ke duba kundin ɗalibai. Ba laifinsu ba ne, abin da ba a koya maka ba ba ka koyar da shi.

An yi ƙoƙarin gyara fa. Akwai rancen Bankin Duniya na dala miliyan 120 a 1990 wanda littattafai da mujallu na cikin abin da aka sayo da shi, akwai harajin ilimi na 1993 da ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011, an gina dakunan karatu, an zuba kwamfutoci. Sai rumbunan mujallu na intanet: HINARI ta zo a 2002 da mujallun likitanci, AGORA a 2003 da na noma, JSTOR ta buɗe wa jami'o'in Afirka ƙofa kyauta a 2006. Wato mujallun da suka yanke sun dawo, har sun fi na da yawa.

Amma ɗabi'ar ce ba ta dawo ba. Kwanaki na raka ƙanwata sashen kwamfuta na laburarensu, ga lambar sirrin shiga rumbun mujallu an manna a bango da salatif har takardar ta yi ja, ma'aikaciyar wurin na zaune a shirye take ta nuna wa duk mai so. Ƙanwar tawa tana aji huɗu, tana tsakiyar rubuta kundinta, kuma ranar ce ta fara sanin amfanin takardar, don tun shigarta jami'a ba a taɓa ba ta aikin da zai sa ta tambaya ba.