Manolo, yaron da aka ce sai ya gaji ubansa a fagen bijimai

A wane littafi labarin Manolo yake?

Sunansa Shadow of a Bull, wato inuwar bijimi. Maia Wojciechowska, haifaffiyar birnin Warsaw da ta yi zamanta a Amurka, ita ta rubuta shi. Ya fito a 1964, ya ci lambar Newbery ta littattafan yara a 1965.

Me ya faru da yaron?

Manolo Olivar ɗan garin Arcangel ne a yankin Andalus, kudancin Sifen. Ubansa Juan Olivar gwani ne a wasa da bijimi, kuma ƙahon bijimi ne ajalinsa, Manolo na da shekara uku. Da yaron ya tasa sai ga kamannin uban sak, har hanci. Nan fa gari ya ce magaji ya samu. Wasu mutum shida suka riƙa kai shi kallon wasa suna koya masa, ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Shi kuwa tsoro ke cin sa, ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya tashi cikin dare yana gwada juya mayafin wasa da bijimi shi kaɗai. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa min zuciya.

Yaya wasan yake?

Zango uku ne. Mahaya dawaki su soki bijimin da mashi, a kafa masa tsinkaye masu ado a kafaɗa, sannan gwanin ya fito da jan ƙyalle da takobi. Bijimi ba ya bambance ja, motsin ƙyallen yake bi. Ana mutuwa da gaske: Manolete, fitaccen gwanin zamaninsa, ya rasu a Linares a 1947 bayan sukan ƙaho.

Daidai yake da hawan ƙaho?

A gado kam sun yi kama, don hawan ƙaho na mahauta ne. Amma ɗan hawan ƙaho da jikinsa yake rungumar kan bijimin, babu takobi.

To, Manolo ya shiga fage?

Ya shiga yana ɗan shekara 11, ya tsaya gaban bijimin, ya yi wasa da mayafi. Sannan a bainar jama'a ya miƙa bijimin ga Juan García, yayan abokinsa, talaka mai son wasan kamar ransa. A ganina wannan ya fi tsayawa gaban bijimin wuya. Tun ranar da Manolo ya taya likitan garin wanke raunin wani da ƙaho ya yaga, aikin likita yake so.