Mariam Issoufou

Mariam Issoufou, wadda a da aka fi sani da Mariam Kamara, ƙwararriyar mai zanen gine-gine ce 'yar Jamhuriyar Nijar, kuma farfesa a jami'ar ETH da ke Zurik a ƙasar Suwizalan tun 2022. An san ta da dawo da martabar ginin ƙasa a birane da ƙauyukan Sahel.

Karatu

An haife ta a garin Saint-Étienne na Faransa a 1979, ta tashi a Nijar. Ba da zanen gini ta fara ba. Ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, digirin farko a Jami'ar Purdue a 2001, na biyu a Jami'ar New York a 2004, sannan ta yi kimanin shekara 7 tana aikin haɗa manhaja. Daga baya ta ajiye wannan ta koma aji, ta sami digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a Jami'ar Washington da ke Seattle a 2013.

Kundin da ta kammala karatun da shi ya duba wani abu da duk mazaunin Yamai ya sani: samari na da fadarsu a bakin titi, su dafa shayi su yi hira har dare, amma budurwar da ta zauna a waje haka nan sai ta sha surutu. Tafiya kuwa ba a zarginta. Sai Mariam ta tsara hanyoyi da 'yan wuraren tsayawa a cikin unguwanni, yadda 'yan mata za su haɗu su tattauna alhali ga mai kallo wucewa kawai suke yi.

Ayyuka

A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, Atelier Masōmī, wanda yanzu yake ɗauke da sunanta. Aikin da ya fara fito da ita shi ne rukunin gidaje 6 masu bene da ake kira Niamey 2000, wanda ta yi tare da masu zanen gini Yasaman Esmaili, Elizabeth Golden da Philip Sträter, aka gama a 2016. Da tubalin jar ƙasa aka gina su, irin wanda ake matsewa da inji ba tare da an gasa ba. Katanga mai kauri tana riƙe sanyi da rana, saɓanin bulon siminti da rufin kwano da ke mayar da ɗaki tanda a watan Afrilu.

Mafi muhimmancin ayyukanta yana Dandaji, wani ƙauye a jihar Tawa. Tsohon masallacin Juma'a na garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da ya gina masallacin Yama, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Masallacin na Dandaji ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har aka yi niyyar rushe shi. Mariam da Yasaman Esmaili suka ba da shawarar a bar shi a tsaye. Aka kira maginan gargajiya, ciki har da waɗanda suka yi aikin ginin na farko, suka gyara bango suka sabunta yaɓe, aka mayar da wurin ɗakin karatu, aka ƙara ɗan bene a ciki domin masu nazari. A gefensa aka ɗaga sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000, shi ma da tubalin ƙasar wurin. An buɗe cibiyar a 2018 da sunan Hikma, don tunawa da Baitul Hikma, tsohuwar cibiyar ilimi ta Bagadaza. Abin da ya fi daraja a aikin shi ne mata da yara sun sami dalilin shiga harabar kowace rana, don karatu da azuzuwan yaƙi da jahilci. Tsarin ya ci lambar zinare ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa a matakin duniya a 2018.

A garin dai ta tsara kasuwa, inda rumfunan tubali suke kewaye da wata tsohuwar bishiya da aka saba cin kasuwa a gindinta, da faya-fayan ƙarfe masu launi a sama suna ba da inuwa.

Koyarwa da bincike

Ta koyar a Jami'ar Brown a sashen nazarin birane, ta kuma yi koyarwar wucin gadi a Harvard a 2021. Kujerar da take riƙe da ita a Zurik ta shafi gadon gine-gine da ɗorewarsu. Bincikenta ya fi karkata ga dabarun maginan da, musamman yadda suke sarrafa iska, inuwa da kaurin bango, da kuma yadda mulkin mallaka ya tsara biranen Afirka ta Yamma ba bisa zaman mutanensu ba.

Har yanzu ana jayayya kan ginin ƙasa. Wasu na ganinsa alamar talauci, mai bukatar gyara bayan kowace damina. Masu goyon bayansa suna nuni da tsadar siminti da kuɗin wutar sanyaya ɗaki.

Karramawa

Ta yi aiki ƙarƙashin jagorancin mai zanen gine-gine David Adjaye a shirin horar da masu fasaha na Rolex na 2018 zuwa 2019, ta kuma karɓi lambar Prince Claus a 2019. An ba ta aikin zana cibiyar Ellen Johnson Sirleaf, tsohuwar shugabar ƙasar Laberiya, a Monrobiya da gidan tarihi na Bët-bi a Senegal.