PSD-95

PSD-95 furotin ne da ke cikin ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa, har da ɗan Adam. Mazauninsa mahaɗar ƙwayoyin jijiya, a ɓangaren da ke karɓar saƙo. Shi kansa ba ya aika saƙo. Aikinsa riƙe sauran furotin a inda ya dace su tsaya, kamar dirkar da ke tallafe da rumfa. Yana kama nau'in makarɓan saƙo da ake kira NMDA kai tsaye, nau'in AMPA kuwa sai ta hannun wani furotin mai suna stargazin.

Masaniyar ƙwaƙwalwa Mary Kennedy da abokan aikinta ne suka gano shi a ƙwaƙwalwar ɓera a 1992, a cibiyar Caltech da ke Kaliforniya. Ƙwayar gadon da ke samar da shi, DLG4, tana kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 17 a jikin mutum.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda jiki ke jinkirta fitowarsa. Tun ɗan tayi na ciki ƙwayoyin jijiya ke kwafar umarnin DLG4, amma furotin ɗin ba ya bayyana. Binciken da aka wallafa daga ɗakin gwajin Douglas Black a jami'ar UCLA a 2012 ya nuna dalili. Wasu furotin biyu, PTBP1 da PTBP2, suna sa a tsallake yanki na 18 na umarnin yayin harhaɗa kwafin. Da an tsallake shi, sai alamar tsayawa ta faɗo kafin lokacinta, ƙwayar jijiyar ta ga kwafin ya lalace, ta rushe shi. Sai ƙwayar jijiyar ta fara balaga, waɗannan biyun suka ragu, sannan yankin ya shiga, PSD-95 ya taru, mahaɗu su ƙarfafa. A ido ɓarna ce, a yi ta kwafa ana zubarwa, amma da haka ake hana mahaɗu ƙulluwa tun lokaci bai yi ba.

A 1998 tawagar masanin ƙwaƙwalwa Seth Grant ta gwada ɓerayen da aka lalata wa wannan ƙwayar gado. Mahaɗunsu sun riƙa ƙarfafa fiye da kima, duk da haka suka kasa koyon hanya yadda sauran ɓeraye ke koya. A mutane, tawayar DLG4 kan zo da jinkirin magana da fahimta, raunin tsoka, wani lokaci har da farfaɗiya.