Yaɗuwar Ƙanjamau a Najeriya

Ƙanjamau, wadda a Nijar ake kira sida, cuta ce da ƙwayar HIV ke haddasawa ta hanyar karya garkuwar jiki. A Najeriya mafi yawan masu ɗauke da ita ta hanyar saduwa tsakanin namiji da mace suka kamu, kusan kashi 80 cikin ɗari bisa kiyasin hukumomin lafiya.

Tarihi

An gano masu cutar na farko a ƙasar wajen 1985, aka bayyana a 1986. A lokacin jama'a da dama sun ɗauke ta ciwon Turawa, ba ta shafe su ba. Daga 1991 gwamnati ta fara auna yaɗuwarta da jinin mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Awon farko ya nuna kashi 1.8. Adadin ya yi ta hawa har ya kai kashi 5.8 a 2001, kafin ya sauko zuwa 4.4 a 2005 da 4.1 a 2010. A shekarar 2000 aka kafa kwamitin da daga baya ya zama hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa, wato NACA, kuma a 2002 gwamnatin Obasanjo ta soma raba maganin rage kaifin cutar.

Binciken 2018

A wannan karon gida-gida aka bi ana gwada maza da mata. Sakamakon da aka sanar a Maris 2019 ya nuna kashi 1.4 na 'yan shekara 15 zuwa 49, kuma jimillar masu ɗauke da cutar, yara da manya, kimanin mutum miliyan 1.9 ne a faɗin ƙasa. Kudu maso Kudu ce kan gaba da kashi 3.1, Arewa maso Yamma kuwa 0.6. Akwai saɓani kan ko raguwar ta gaske ce ko sauyin hanyar ƙirga ne ya kawo ta.

Mata

Abin takaici, nauyin ya fi faɗa wa mata: a binciken 2018 kashi 1.9 ne, maza kuma 0.9. Da yawansu a ɗakin aure suka kamu, sai ranar awon ciki ma'aikaciyar jinya ta ja su gefe ta faɗa musu. A gidan da ake da kishiyoyi, ko inda aure ke yawan mutuwa ana sake wani ba gwaji, mutum ɗaya kan shafa wa da yawa. Saboda haka Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin ɗaurin aure a 2024.

Sauran hanyoyi

Daga uwa zuwa jariri, ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura ko askar da aka yi tarayya a kai.