Kofunan ƙahon karkanda na Sinawa: tambayoyi da amsoshi

Wane irin kofi ne wannan?

Ƙahon karkanda ne guda, aka kife shi. Gindinsa mai faɗi, wanda ke zaune a kan hancin dabbar, shi ake rarakewa ya zama bakin kofi, tsinin kuma ya koma ƙafa. Shi ya sa da yawansu ba sa iya tsayuwa sai an yi musu mazauni na katako. Sana'ar ta kai ƙololuwa a ƙarshen daular Ming (1368 zuwa 1644) da farkon daular Qing.

Me ake sassaƙawa a jiki?

A nan gwanintar take. Wani kofin an mai da shi ganyen bado, bakinsa ya ɗan lanƙwashe, jijiyoyin ganyen sun fito raɗau, ga ƙaramar ƙaguwa maƙale a gefe. Wani kuwa dutse ne da itatuwa da rafi, da dattawa zaune a inuwa, kowanne bai kai kan ɗan yatsa ba, amma har gemunsa kana gani. Launinsu daga na zuma zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Ka ɗaga shi wajen haske, sai ka ga bakin yana ɗaukar hasken kamar zuma a kwalba. Tsiraru ne cikin masassaƙan suka sa sunansu, irin su Bao Tiancheng da You Kan.

Da gaske yana tona asirin guba?

Haka aka yi imani a zamanin da, wai abin sha zai yi kumfa a cikin kofin in an sa masa guba. Amma ƙahon nan keratin ne, sinadarin da ke cikin farce da gashinmu.

Ina mutum zai gan su?

Gidan adana kayan tarihi na Chester Beatty da ke Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, yana da fiye da 200.

To, in tsofaffi ne, me ya sa ake ta ce-ce-ku-ce?

Saboda kuɗi. A 2011, a wani shirin talabijin na Amurka, an kimanta kofuna biyar a kan dala miliyan 1 zuwa 1.5. A shekarun nan ne ɓarayi suka dinga fasa gidajen tarihi a Turai don ƙaho, wasu kuma suka riƙa sassaƙa sabon ƙaho suna tsufar da shi da gangan, su sayar a matsayin kayan gado. Yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta hana cinikin ƙahon tsakanin ƙasashe tun 1977, Sin ta haramta shi a gida a 1993, amma sunan "tsohon kaya" ya zama ƙofar baya. A 2018 kamfanonin gwanjo na Bonhams da Sotheby's suka daina sayar da su, kuma ina ganin sun yi daidai.

Abin bai yi mana nisa ba. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda ragowarta ta ƙarshe ke arewacin Kamaru, a 2011 aka sanar da cewa ta ƙare a duniya.