Bunƙasar kamfanonin kwamfuta a birnin Bengaluru

Bengaluru, wanda aka fi sani da Bangalore kafin a sauya masa suna a hukumance a 2014, shi ne babban birnin jihar Karnataka da ke kudancin Indiya, kuma matattarar kamfanonin rubuta manhajar kwamfuta ce mafi girma a ƙasar. Ana yawan kafa misali da shi idan ana maganar abin da ke sa irin waɗannan kamfanoni su haɓaka.

Tushen abin ya girmi kwamfutar kanta. Tun 1909 aka kafa Cibiyar Kimiyya ta Indiya a birnin. A 1940 aka buɗe masana'antar jiragen sama ta Hindustan Aircraft, sai Bharat Electronics a 1954, daga baya kuma hukumar binciken sararin samaniya, ISRO, ta ajiye hedikwatarta a nan. Waɗannan wurare sun tara injiniyoyi masu jin Turanci tun babu wanda ke tunanin sayar wa ƙasashen waje manhaja. Kamfanonin da suka biyo baya sun tarar da ma'aikata a ƙasa, ga albashinsu bai kama ƙafar na takwarorinsu na Amurka ba.

Dokokin gwamnati sun yi tasiri ta fuska biyu. Da kamfanin kwamfuta na Amurka, IBM, ya tattara kayansa ya bar Indiya a 1978 saboda dokar taƙaita hannun jarin baƙi, sai 'yan gida suka samu fili, har Wipro, mai sayar da man girki tun 1945, ya shiga haɗa kwamfuta. Amma dokokin sun ƙuntata wa 'yan gidan ma, don shigo da kwamfuta guda sai an nemi lasisi daga Delhi. A wannan hali Narayana Murthy da abokansa shida suka kafa kamfanin manhaja na Infosys a birnin Pune a 1981 da jarin rupi 10,000, suka koma Bengaluru a 1983. Sauƙi bai zo ba sai a 1991, lokacin da ministan kuɗi Manmohan Singh ya sassauta dokokin ciniki, aka kuma kafa hukumar da ke samar wa masu fitar da manhaja layin sadarwa da rangwamen haraji.

Layin sadarwar nan shi ne ya kawar da matsalar nisa. Kamfanin Amurka na Texas Instruments ya nuna hanya a 1985 da ya buɗe ofis mai aika aiki Amurka ta tauraron ɗan'adam. Bambancin lokaci ma sai ya zama riba: aikin da aka turo da yamma daga Amurka, ana yinsa masu shi suna barci, su tashi su tarar da shi.

Sai ga gagarumin ciniki gab da shekarar 2000. Tsofaffin manhajoji da lambobi biyu suke rubuta shekara, aka ji tsoron idan 99 ta koma 00 lissafin bankuna zai rikice. Dole a bi manhajojin layi-layi a gyara, aiki mai gundura da ke cin mutane da yawa, kuma Indiya na da su. A 1999 Infosys ya zama kamfanin Indiya na farko da ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq da ke Amurka.

Yanzu yawan jama'a ya fi ƙarfin tituna da ruwan birnin. A 2024 rijiyoyin burtsatse da dama sun ƙafe, unguwanni suka dogara da tankokin ruwa, yayin da Hyderabad da Pune ke zawarcin kamfanonin.