Waiwaye: Rigimar Dutsen Parasnath ta girmi maganar yawon buɗe ido

A ƙarshen 2022 mabiya addinin Jain suka fito zanga-zanga a Delhi, Mumbai da wasu biranen Indiya, suna ƙin a mayar da Dutsen Parasnath wurin yawon buɗe ido. Mutane da yawa sun ɗauka daga nan rigimar ta taso. Har yau ana muhawara a kai, amma tushenta ya haura shekara ɗari.

Dutsen yana gundumar Giridih ta jihar Jharkhand, kuma babu wanda ya kai shi tsayi a jihar. 'Yan Jain suna kiransa Shikharji, sun yi imani cewa 20 daga cikin manyan malamansu 24, wato Tirthankara, a kansa suka sami kuɓuta ta ƙarshe. Wanda ya san haikalin 'yan Jain na Ranakpur mai ginshiƙan marmara 1,444 zai yi mamakin sauƙin ginin da ke nan. Galibi ƙananan ɗakuna ne da ake kira tonk, a ciki akwai sawun ƙafa da aka sassaƙa a dutse. Masu ziyara suna tashi daga garin Madhuban tun kafin asuba, su yi tafiyar kusan kilomita 27 zuwa da dawowa, da yawansu babu takalmi. Ginshiƙin addininsu shi ne kada a cutar da kowane mai rai, ko da ƙwaro ne.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a 1911, lokacin da aka yi safiyon filaye zamanin mulkin Ingila. Ƙabilar Santal, da ke zaune a ƙauyukan gindin dutsen, suna kiransa Marang Buru, kuma a wurinsu nan ne mazaunin babban abin bautarsu. Duk shekara, idan wata ya cika a watan Baisakh na kalandar Indiya, mazajensu sukan shiga dajin farautar ibada ta kwana uku da suke kira Sendra. Masu safiyo suka rubuta wannan farauta a matsayin haƙƙin gado. Wasu shugabannin Jain suka garzaya kotu, aka kori ƙarar. Babbar kotun Patna ta ƙi ɗaukaka ƙarar a 1917, daga baya kotun ƙoli ta daular a Landan ita ma ta tabbatar wa Santal haƙƙinsu.

A ganina nan ƙullin yake. Shari'ar ta amsa tambayar wanda ke da haƙƙi, amma ta bar tambaya mafi wuya: yaya al'umma biyu za su tsarkake dutse ɗaya, alhali ibadar ɗaya ita ce babban haramun a wurin ɗayar? Kowane ɓangare ya tashi riƙe da hujjarsa, ba tare da an zaunar da su sun tsara zaman tare ba. Da dokar kare namun daji ta 1972 ta zo, aka kuma mayar da dajin gandun da aka killace, sai Santal suka ga haƙƙin da kotuna suka tabbatar musu ya zama laifi.

Shi ya sa a Janairun 2023, da aka dakatar da shirin yawon buɗe ido, aka hana sayar da nama da giya a kewayen dutsen, 'yan Jain suka sami natsuwa, su kuwa Santal suka fito nasu gangamin suna neman a sakar musu Marang Buru.